Bindigar Baba da 'Yar'uwarta

Shawarar Yaya ce. Gara a faɗi wannan tun daga farko, domin shi in yana ba da labarin yanzu cewa yake "sai muka ga ya dace", kamar da Auta aka zauna aka gani. Ita dai ta san ya kira ta a waya tana tsakiyar guga, ya ce ya samo mafita, ta ce to, saboda dutsen guga na hannunta kuma rabonta da barcin kirki har ta manta. Wannan "to" ɗin ya riƙe har yau.

Matsalar kuwa Baba ne da bindigarsa. Mahaifin nasu ya ƙarar da ƙarfinsa yana gadin gandun daji, yana korar masu sarar itace da ɓarayin namun dawa, har aka sallame shi da takardar yabo da ciwon gwiwa. Yanzu yana zaune wurin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, a saman bene, shagonta na wanki da guga yana ƙasa. Kansa ya fara tafiya sannu a hankali. Sai ya sa rediyo a firji, ya sha shayi ya ce ba a ba shi ba, ya tambayi Auta ko ta ga Auta. Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce masa ba, bindigar nan mai baki ɗaya, tasa ta kansa, da lasisinta da komai. Kullum da safe zai shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya kwance ta, ya goge, ya shafa mai, ya mayar, hannun ko rawa ba ya yi. A wannan ɗan lokacin Baba ne sak, har tsokana yake yi. Auta takan bar wanki ya jira, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ubanta, don ta san da ya jingine bindigar zai sake ɓace mata.

Ana nan sai mai karanta mitar wuta ya hau matakala da 'yar jakarsa, ya ɗaga kai ya ga bakin bindiga ta tagar falo, Baba na tambayarsa cikin natsuwa wa ya ba shi izinin shigowa gandu da gatari. Yadda bawan Allah ya sauka daga benen shi kaɗai ya sani, takalminsa ƙafa ɗaya dai bai dawo ɗauka ba. Da Auta ta lallaba Baba ta karɓi bindigar ta buɗe, da harsashi a ciki. Mai sayar da katin waya ta tsallaken titi, wadda ta ga komai kamar yadda ta saba ganin komai, ta faɗa mata ba kwana-kwana: wannan karon ta yi shiru don darajar tsufa, amma ranar da ta ji ƙara ko ɗaya daga benen nan 'yan sanda za ta kira, su tafi da shi inda ake kai irinsa.

Kada wani ya ce ai sai a kwashe harsasan. An kwashe. A aikinsu ba a tara harsashi wuri ɗaya, don in ruwa ya ci wasu ko ɓarawo ya samu wasu, sauran su tsira, kuma Baba ya taho gidan 'yarsa da wannan ɗabi'ar tare da akwatinsa. Auta ta samu a tsohon takalmi, ta samu a gwangwanin ƙusoshi, ta samu a bayan agogon bango. Duk sanda ta ce shi ke nan an gama, sai ta karkaɗe matashi ta ji abu ya faɗo. Shi kansa in an tambaye shi bai san inda suke ba, hannunsa ne ya sani.

Kada kuma wani ya ce a ɗauke bindigar. Likita ma haka ya ce, an kuma ɗauke. Baba ya daina cin abinci, ya birkice gidan, ya kira maƙwabta ɓarayi, daga ƙarshe ya zauna bakin gado yana kuka kamar yaro, har Auta ta kasa jurewa ta mayar masa da abarsa. In tana hannunsa ana tsoron ya kashe ɗan mutane a tafi da shi, in ba ta hannunsa shi ake kashewa. A nan Auta ta tsaya, ba gaba ba baya.

Yaya kuwa malamin koyar da tuƙi ne, mutumin da ya saba zama a gefe yana ba da umarni wani na fama da sitiyari. Mafitarsa ita ce a samo wata bindigar irinta sak, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, tsufa ɗaya, a sa mai gyaran bindigogi ya kashe ta ta ciki. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar allura da ke dukan gindin harsashi in an ja kunama. In aka rage masa tsawo kaɗan, bindiga ta zama sanda, amma ido ba ya ganewa. Sai a ajiye wa Baba matacciyar ya yi ta goga, a ɗauke mai ran.

"Yaya, me zai hana a yi wa tasa haka, a huta?" in ji Auta.

"A nakasa bindigar Baba? Ke ko kunya ba kya ji."

Ya yi mata dogon jawabi a kan tarihi da mutuncin gida. Ita dai ta san ya riga ya buga ƙusoshi biyu a bangon falonsa, sama da talabijin.

An samo ta. Yaya ya sha zirga-zirgar ofisoshi kafin a ba shi takardarta, mai gyara ya yi aikinsa, har da ƙari, don sun tura masa hotunan ta Baba a waya ya bi ya kwaikwayi kowane tabo da kowace ƙarzuwa a jikin katakon. Auta da kanta ta shafe ta da man Baba don ƙamshi ya zo ɗaya. Ranar da ta gama ta ɗaga ta a hannu, sai ta ji kamar ta Baba ce ta ɗauka. Ta naɗe ta a cikin wani labule da mai shi bai taɓa dawowa karɓa ba, ta tura bayan teburin guga. Abin da ya rage a musanya, a naɗe ta Baba a labulen har Yaya ya zo ya ɗauka. Wa zai musanya, yaushe, wannan kowa ya ɗauka an faɗa.

Washegari da safe, bayan Baba ya gama goge-gogensa ya shiga wanka, Auta ta hau da ƙullin labule tana sanɗa a gidanta kamar ɓarauniya. Ta ɗauke tasa daga lungun da ke tsakanin gado da kabad, ta jingine 'yar'uwarta, ta sauka da ta Baba a labulen. Daga nan ta tafi kai zannuwan gado otal. Da ta dawo bayan azahar ta tarar da Yaya zaune a shagon, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa.

"An gama," ya ce.

"Me aka gama?"

"Musayar mana. Na same shi yana gyangyaɗi a baranda, na shiga na fito ko motsi bai yi ba. Ga tasa can cikin labule."

Auta ta nemi kujera ta zauna. "Yaya, ai na musanya tun da safe."

Murmushin ya ɗan jima a fuskarsa kafin ya san ba shi da sauran aiki. Amma Yaya ba ya faɗuwa ƙasa warwas. Ya ce ai da sauƙi, ita ta musanya, shi ya musanya, ke nan ta Baba ta koma sama, sai a sake. Ta ce to ya tabbata ya musanya ɗin? Ya ce wace irin tambaya ce wannan. Ta zuba masa ido, irin kallon da uwarsu ke yi masa in ya ce ba shi ya sha madara ba. A hankali magana ta fito. Wai da ya shiga ɗakin sai ya kwantar da su biyun a kan gado, gefe da gefe, don dai ya ga ko aikin mai gyara ya yi. Yana cikin kallo wani ɗalibinsa ya kira, ya ja mota da baya ya rungumi ƙofar gidan mutane. Ya yi faɗa, ya yi faɗa, da ya gama sai ya ɗauki ta hagu ya naɗe.

"Hagunka kana bakin ƙofa, ko hagunka kana wajen taga?"

"Hagu ai hagu ne."

"Da kana faɗan, tsaye kake wuri ɗaya?"

Yaya in yana faɗa a waya, ɗaki ba ya isarsa. Ya san haka, ita ma ta sani.

Ba yadda za a baje bindigogi a shago mai ƙofar gilashi, don haka suka hau da ta labule, suka ɗauko ta lungun gado, suka jera su a teburin kicin. Baba yana baranda har yanzu, kansa ya langaɓe a kujera, yana ɗan minshari. Suka tsaya a kansu kamar masu zaɓen kankana. Auta ta ce ta Baba tana da tabo kusa da gindi. Duk biyun suna da shi. Yaya ya ce ta Baba ta fi nauyi, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan, ya ce wannan ce, ya sake ɗagawa ya ce a'a, waccan ce. Auta ta sunsuna, man da ta shafa da hannunta ya amsa mata daga kowace. Can ta ga kamar ta dama ta fi duhu, suka matsa da su kusa da taga, sai ta hagu ta fi duhu, kuma yanzu ba ta ma san wacce ce ta fito daga labule ba, don Yaya ya yi ta jujjuya su. Suka kira mai gyara, waya a kashe.

"Lamba," in ji Yaya, ya daki goshinsa. Kowace bindiga da lambarta a jikin ƙarfen, kuma lambar sabuwar tana cikin takardar da aka ba shi. Takardar tana gidansa, can ƙarshen gari. Ya ce ta tsaya a kansu kada ta motsa, yanzu zai dawo.

Ta kuwa tsaya. Ta rufe su da labulen, ta jingina da firji, tana ƙoƙarin lissafa abin a kai: ta hau da ɗaya ta sauko da ɗaya, shi ya hau da ɗaya ya sauko da ɗaya, su biyu sun hau da ɗaya. Kowane karo sai lissafin ya ba ta amsa daban, har ta fara tsoron ko abin Baba ne ya soma taɓa ta ita ma. Sai ta ji ƙauri. Dutsen guga. Ta jona shi da ta shigo shago, labarin Yaya ya ɗauke mata hankali. Ta sauka a guje ta tarar ya huda farar riga ya fara cin teburin. Kuma kamar jira yake, mai rigar, wani ma'aikacin banki, ya turo ƙofa. Mutumin nan ya yi magana. Ya ba ta tarihin rigar tun daga shagon da aka saye ta, ya ɗaga ta ya leƙa Auta ta cikin hujin, ya kira matarsa a waya ya sa ta a lasifika ita ma ta tofa nata. Auta tana ba da haƙuri, kunnenta ɗaya yana sama. Ba ta ji motsin komai ba, wannan ne ya sa ta daɗe.

Da ta hau, kujerar baranda ba kowa. Labulen yana shimfiɗe a tsakar falo, Baba na zaune a kansa ya miƙe ƙafar da ke ciwo, yana 'yar waƙa ta hanci. Bindiga kuwa babu ko ɗaya. Akwai dogayen ƙarafa biyu, katako biyu-biyu, sai kwanon da take kwaɓa fulawa a ciki, an zuba mai, ƙananan ƙarafa na bindigogin nan biyu duk suna kwance a ciki tare, sun cuɗe. Ba kwancewar kullum ya yi musu ba, har hanjinsu ya fitar.

"Yau babban wanki ne," ya ce mata da fara'a. "Kin ga dattin da ke cikin wannan? Mutumin nan ba ya ji."

Ta durƙusa a gefensa. Ta hango su a gindin kwanon, 'yan ƙarafa biyu masu kama da allura. Ta kai hannu don ta jera su ta ga gajeren, Baba ya buge mata yatsu ba tare da ya ko kalle ta ba, kamar yadda yake yi tana ƙarama. Ya tsamo ɗaya ya goge ya cusa a mazauninsa. Ta zuba ido, ta ga inda wannan ya shiga, ta ga inda ɗayan ya shiga, amma ganin bai amfane ta da komai ba, tunda ba ta san wanne ne wanne ba. Hannayen nan da ba sa iya ɓalle maɓallin riga suka yi ta tsamowa suna ɗaurawa, na wannan a jikin waccan, na waccan a jikin wannan, komai yana shiga daram don ƙira ɗaya ce.

Daidai nan Yaya ya faɗo falon yana haki, takarda a sama kamar tuta. Ya kalli labulen, ya kalli kwanon, ya kalli Auta. Ya sauke hannun a hankali. Duk da haka sai da ya sunkuya ya karanta lambar da ke jikin ɗaya ya ce wannan ce sabuwar. Auta ta ce masa ƙasa-ƙasa, gangar jikin ce sabuwa, abin da ke ciki fa? Ya ce wane ciki. Ta ce allurar.

Baba ya ɗaura katakon ƙarshe, ya jera su biyu a kan labulen, ya goge hannu. Ya waiwaya yana neman wani.

"Ina Gajere?"

Sunan ya daki Auta daga nesa. Gajere abokin sintirin Baba ne, wani dogon mutum mai dariya da ƙarfi, wanda ke kawo musu zuma a kwalba suna yara. Sai yanzu ta tuna abin da ya kamata ɗayansu ya tuna tun kafin a nemo wata bindiga. Rana ɗaya Baba da Gajere suka sayi nasu, iri ɗaya da gangan, don harsashin wannan ya shiga ta wancan, in wani ƙarfe ya karye a daji a ara. Wanda ya tsaya a sansani shi ke wanke duka biyun. Shi ya sa Baba bai yi mamakin komai ba da ya ɗaga labule. Su suna ta wahalar kada ya gane akwai ta biyu, shi kuwa rabin rayuwarsa da ta biyun ya yi.

"Ya ɗan fita, Baba," in ji Yaya da sauri. "Yanzu zai dawo."

"Ya fita?" Baba ya kalli bindigogin. "Ba bindiga?"

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dafa kujera ya miƙe, ya leƙa taga ya duba inda rana take, ta yi ƙasa sosai. Ya ce mai gadi ba ya barin bindigarsa ko bawali zai zagaya. In ka ga bindiga ba mai ita, to mai ita yana kwance wani wuri. Yana maganar yana lalube a kan kabad ɗin falo, ya ɗauko wata tsohuwar tocila da Auta ta sha niyyar jefarwa don ba ta kamawa. Ya murɗe gindinta ya karkata, harsashi ya zamo cikin tafinsa.

Auta ta san abin da ke biye, don suna yara ya sha ba su labari. In abokin sintiri ya ɓace, harbi ɗaya ake yi sama, a tsaya a saurara. Kafin ta miƙe ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya karya ta ya cusa ya rufe, duk a motsi ɗaya, ya nufi baranda. Ita abin da ta iya kawai ta faɗa kan ɗayar ta rungume. Yaya yana tsaye da takardarsa yana cewa "Baba, Baba, a hankali," ƙafarsa ta dama tana taka ƙasa tana neman birkin da babu. Ba wanda ya isa ya kama kokawa da tsoho da bindiga ɗure a hannunsa.

Ta ƙofar baranda Auta tana ganin titi. Motar burodi ta tsaya, 'yan makaranta suna tsallakawa, mai katin waya tana zaune ƙarƙashin laimarta, fuskarta a sama kamar kullum. Baba ya kafa gindin bindigar a kafaɗa, ya ɗaga bakinta sama. Auta ta rasa abin da za ta roƙa ma. Ta rufe ido.

Ƙas.

Ƙarar ba ta fi ta maɓallin fitila ba. Baba ya tsaya a haka, kunnensa a karkace, yana sauraron amsa duk da haka. Sannan ya sauke, ya buɗe, ya zare harsashin ya jujjuya shi, ya yi tsaki.

"To waccan ce matacciyar," Yaya ya raɗa mata. "Kin ga an gane. Ki riƙe ta hannunki."

"Ko kuma harsashin ne ya mutu," in ji Auta. "Ka san shekarunsa a cikin tocilar nan?"

Yaya ya dube ta kamar ta mare shi. In bindigar ce matacciya, mai ran tana ƙirjinta. In harsashin ne, to mai ran tana iya zama wadda ke hannun Baba, kuma Allah kaɗai ya san tocila nawa ce a gidan. Sun dawo inda suka fara, sai dai yanzu Baba ya juyo ya miƙo hannu.

"Wannan ta Gajere ce, ta ƙi tashi. Miƙo tawa."

"A'a, Baba."

Tunda take ba ta taɓa faɗa masa wannan kalmar kai tsaye ba. Ya dube ta, kuma abin da ya fi ciwo, ya gane ta sarai.

"Auta, ke ce za ki hana ni? Mutum yana kwance a daji, rana tana faɗuwa. Yana can yana sauraro. In bai ji ni ba zai ɗauka na tafi na bar shi."

Hannun yana nan a miƙe. Yaya ya soma haɗa wata ƙaryar, wai Gajere ya yi waya, Auta ta ce masa ya yi shiru. Ƙarya ce ta kawo su nan tun daga labule. Likita ya taɓa gargaɗinta kada ta riƙa sanar da Baba mutuwar waɗanda ya manta sun mutu, domin kowane faɗi a wurinsa shi ne na farko. Ta san haka. Ta duba ko'ina a cikin kanta ba ta ga wata ƙofa ba.

"Baba, Gajere ya rasu."

Bai motsa ba.

"Ya daɗe da rasuwa, tun ina makaranta. Ba a daji ba, ciwo ya yi, a asibiti. Ba ya jiran kowa, Baba."

Hannun ya sauka. Ya dubi Yaya, Yaya ya sunkuyar da kai, wannan ya ishe shi shaida. Ya ja baya har ya samu kujerarsa ya zauna, bindigar a kan cinyarsa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito. Auta ta ga ubanta yana karɓar mutuwar amininsa sabuwa fil, kuma ita ta miƙa masa. Ta ji ta tsani kanta, ta tsani Yaya, ta tsani mai gyara da iya aikinsa.

"To me bindigarsa take yi a gidana?" ya ce can. "Wannan ai kayan marayu ne. A kai musu."

Ya ɗaga ta cinyarsa zai miƙa, sai ya tsaya. Ya shafa katakon, ya shafa ƙarfen, ya dubi wadda ke ƙirjin Auta, ya hango kwanon mai a tsakar falo. Ya daɗe yana kai ido daga wannan zuwa waccan.

"Na cuɗa su," ya ce a hankali. "A kwano ɗaya na zuba. A kowace akwai nasa." Ya miƙa wa Yaya da hannu biyu, har da harsashin. "Ku kai duka. Ba zan riƙe ko ƙusa ɗaya ta mamaci ba."

Yaya ya karɓa, ya zare ɗayar daga hannun Auta, sai da ya ɓamɓare yatsunta. Ya naɗe su tare a labulen ya sauka, karo na farko a rayuwarsa bai yi wa kowa bayani ba.

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba. Hawaye na bin kumatunsa yana shiga gemu, bai share ba. Hannayensa na kan gwiwa, da sauran mai a jikinsu.

"Ya sha wahala?"

Ba ta sani ba, yarinya ce a lokacin. Ta ce a'a.

"Ya neme ni?"

"Kana wurin, Baba. Kai ka riƙe hannunsa."

"Ina wurin?"

"Kana wurin."

Ya gyaɗa kai yana kallon titi. A ƙasa ta ji motar Yaya ta tashi ta tafi.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji Baba.